Injin kwashe dusar ƙanƙara: wanne kuka saya, kuma yaya kuke riƙe shi?

Sabon Maigida, Ottawa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Allah ya nufa mun bar gidan haya mun tare a namu. A can haya mai gida ne ke turo mota da asuba ta share filin ajiye motoci, ni nawa in kankare gilashi in kama hanya. Yanzu ga hanyar gareji mai cin mota biyu, ga ta ƙofar gida, duk a wuyana. Maƙwabcina ya ce kada in yarda Nuwamba ya same ni da shebur kaɗai. Na leƙa kanti na ga injuna jere, akwai ƙanana na batir, akwai manya na fetur, kuɗin kuma ba su ma kusa da juna. Don Allah waɗanda suka riga mu shan sanyin nan, me kuke amfani da shi?

Alhajin Unguwa, Ottawa

Wa alaikumussalam. Allah ya sanya alheri, ya sa gidan zama ne.

Ƙanena, wadda ke sauka daga sama ba ita ce matsalarka ba, duk da garin nan yana samun fiye da mita 2 a shekara. Matsalarka ita ce wadda motar share titi ta hukuma za ta tura maka bakin hanya. Za ka gama shara tsaf, ka shiga ka haɗa shayi, sai ka ji ƙarar motar ta wuce. Ka leƙo ka tarar da tudu har gwiwa, wani lokaci har ƙugu, gauraye da gishiri da yashi da dunƙulen ƙanƙara. Idan ka bar shi ya kwana, da safe ya sandare, shebur ma tsalle yake yi a kansa. Da wannan tudun za ka auna injin da za ka saya.

Iri biyu ne aka fi gani. Ƙaramin, robar gabansa ce ke taɓa ƙasa, ita ke kwasa ita ke jefawa, aiki ɗaya. Yana share kwalta ƙal, amma da zurfin ya wuce santimita 20 sai ya fara haki. Babban kuma aiki biyu yake yi: murɗaɗɗen ƙarfen gaba ya farfasa ya tattaro, sannan fanka a ciki ta harba ta bututu. Yana da giya, shi ke jan kansa, kai dai ka riƙe shi. A Ottawa ni ban ga dalilin da mai hanyar mota biyu zai sayi ƙaramin ba. Mai faɗin inci 24 ya ishe ka. Kada mai kanti ya zuga ka ka ɗauki na inci 30, za ka rasa inda za ka ajiye shi a gareji, sai ka riƙa fitar da mota kafin ka fitar da inji.

Abu ɗaya kuma, ka karkata bututun zuwa cikin filinka. Doka ta hana zuba ƙanƙara a kan titi a Ontario, kuma akwai maƙwabtan da ba sa kawar da kai.

Uwar Biyu, Calgary

Alhaji, a yi mini afuwa, ni dai ƙaramin na batir nake amfani da shi kuma bai taɓa ba ni kunya ba. Amma na yarda garinmu daban ne. Tamu busasshiya ce, ba nauyi, kuma idan iskar nan mai ɗumi da ke gangarowa daga duwatsu ta buso, cikin yini ɗaya rabi ya narke. Abin da ke damun mu a nan shi ne hanyar masu tafiya a ƙafa da ke gaban gida. Awa 24 aka ba mutum bayan ta daina sauka, in ba ka share ba tara ce. Maigidan yana aikin dare, to ni ke fita. Ba zan iya jan igiya ina fama da fetur ba, ga yara na jiran a kai su makaranta. Na danna maɓalli, na gama, na jingine shi a bango. Ba ƙara kuma, ko bayan sallar asuba na kunna ba wanda zai yi tsaki.

Sai dai batirin ba ya son kwana a sanyi. Cikin gida nake ajiye shi, a ciki nake caji, sai zan fita nake ɗaura shi. Ranar da sanyi ya yi tsanani yana saurin ƙarewa, shi ya sa na sayi na biyu, kuma kuɗin batirin nan ba wasa ba ne. Duk mai saye ya tambayi kuɗin batir tun kafin ya biya na inji.

Alhajin Unguwa, Ottawa

Hajiya, ba musu tsakaninmu. Ki zo da shi Ottawa a watan Fabrairu mu gwada shi a bakin hanyata, ni zan biya kuɗin jirgi.

Injiniya, Winnipeg

Ku bar zancen wanne ya fi. Ni a unguwarmu ni ake kawo wa injin da ya ƙi tashi, kuma kusan kullum ciwon ɗaya ne: tsohon fetur. Mutum ya gama aiki a Maris, ya tura inji lungu da rabin tanki, ya manta da shi. Ranar da ta farko ta sauka ya ja igiya har kafaɗa ta yi tsami, shiru. Sai ya ce kamfanin banza ne. Wanda ya taɓa riƙe janareta a gida ya san labarin nan, don injin iri ɗaya ne, bambancin kawai janaretanmu ba ya samun hutun wata bakwai. Fetur ɗin nan da ake sayarwa a gidan mai akwai wani sinadari da ake kira itanol a ciki, yana jan danshi, in ya daɗe ya zama danƙo ya toshe ƙananan ramukan kafireta. Alamarsa ita ce inji ya tashi sai da cok, kana cire cok ya mutu, ko ya riƙa hawa da sauka shi kaɗai.

Ga yadda nake yi wa nawa. Ba na sayen fetur da yawa, abin da zai ƙare cikin wata guda, kuma tun a jarka nake zuba maganin da ke hana shi lalacewa. Idan sanyi ya wuce, na zuƙe tankin, na kunna inji ya ci sauran har ya mutu da kansa, na kwance ɗan notin da ke ƙasan kafireta ragowar ya tsiyaye. Wasu sun fi son su cika tanki da mai magani su ajiye. Hakan ma yana yi, abin da ba ya yi shi ne rabin tanki ba magani.

Baƙin mai, 5W-30, ina juyewa sau ɗaya a shekara da inji yana da ɗumi. In sabo ne, juyen farko da wuri ake yi, bayan 'yan awowin farko, ka duba littafinsa. Fulogi ka duba shi kafin sanyi. Bel biyu ne a ciki, ɗaya na tafiya, ɗaya na murɗaɗɗen ƙarfe, ka buɗe murfin ka ga ko sun fara tsagewa. Kada ka wahalar da kanka neman matatar iska, yawancinsu ba su da ita, ba ƙura a hunturu. Kuma ka kunna shi a Oktoba, ranar da rana ta fito kana sanye da riga ɗaya. In akwai gyara, lokacin ne masu gyara ba su da layi.

Mu nan da sanyi ke kai digiri 30 ƙasa da sifili, mai tashi da wutar lantarki ya zama dole. Ka jona waya a soket, ka danna, ya tashi, ka cire wayar.

Malamar Asibiti, Minneapolis

Injiniya, mu a Minnesota wasu gidajen mai suna da famfo na musamman na fetur marar itanol, don ƙananan injuna. Shi muke saye. Kamfanin Toro ma, mai ƙera irin injunan nan masu jan fenti, a nan kusa da mu yake, a Bloomington, shi ya sa kusan kowane gareji jan injinsu za ka gani.

Amma ba wannan ya kawo ni ba. Ina aiki a sashen gaggawa, kuma duk ranar da jiƙaƙƙiyar ƙanƙara mai nauyi ta sauka mun san abin da za a kawo mana. Bututu ya toshe, mutum ya saki hannun inji, ya ga komai ya tsaya, ya zura hannu. Abin da ba a sani ba, ko an kashe inji akwai sauran ƙarfi a ɗaure a jikin bel da fanka. Kana cire abin da ya tokare, fankar ta zabura ta yi ɗan juyi, yatsu sun tafi. Safar hannu ba ta kare komai, ita ce ma ake fara kamawa. Waɗanda nake gani ba sababbin zuwa ba ne, yawanci magidanta ne da suka shekara da shekaru suna aikin. Akwai sandar roba da ake maƙalawa a saman injin, don wannan aka yi ta. In ta ɓace, guntun sandar tsintsiya ma ya isa. A kashe inji, a cire makulli, a ɗan dakata, sannan a tsokale.

Kuma don Allah kada a kunna shi a gareji a rufe wai yana ɗumi. Gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari, mutum zai ji ciwon kai kawai da jiri. A tura shi waje tukuna. Masu hawan jini da suka ce shebur ya ishe su, wai motsa jiki ne, ku ma muna ganinku.

Ɗan Tasi, Buffalo

Allah ya saka, Malama. Jikina ya yi sanyi.

Mu nan tafkin Erie ne ke yi mana aiki. A Nuwamba 2014 wasu unguwannin kudu sun samu kusan mita 2 cikin 'yan kwanaki, a 2022 aka maimaita a Nuwamba, sannan guguwar Kirsimeti ta biyo baya. A irin wannan ba injin da zai jira ta gama sauka. Fita ake yi ana ragewa tun tana zuba, in ba haka ba ta fi bakin injin tsawo.

Abin da zan ƙara shi ne ƙusoshin nan da ke riƙe murɗaɗɗen ƙarfe a jikin sandarsa. Da gangan aka yi su masu rauni, in inji ya haɗiyi abu mai tauri su karye, giya ta tsira. Nawa ya taɓa haɗiye jaridar talla da aka jefo ta daskare a ƙarƙashi. Sai na ga gefe ɗaya yana juyawa, ɗayan ya tsaya. Ƙusa ce ta tafi, kuma da yake akwai wasu a aljihun injin, nan take na sauya. Wani abokin aikina ya rasa tasa, ya ɗaura noti na ƙarfe mai ƙwari wai ba zai sake karyewa ba. Bai karye ba kuwa, akwatin giyar ne ya fashe. Ka sayi ƙusoshin da suka dace da injinka tun yanzu, ka ɗaure su da salatif a jikin hannun. Kafin ta sauka kuma ka zagaya ka kwashe tabarmar ƙofa, wayar wuta, tiyo, da kayan wasan yara.

Bazazzagi, wajen Edmonton

Tambaya ga Injiniya. Hanyata tsakuwa ce ba kwalta ba. Ya zan yi?

Injiniya, Winnipeg

Malam, ƙaramin ya fita daga lissafinka, tsakuwa zai riƙa harbawa, gilashin mota ko tagar maƙwabci. Babban yana da takalma biyu a gefen baki. Ka sassauta noti ka sauke su ƙasa, bakin ya ɗaga kamar yatsa biyu, ya bar ɗan siriri a ƙasa. Mai kwalta kuwa ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin ƙarfen da ke kankara, ya sauke takalman su taɓa ƙasa, ya ɗaure, ya zare kwalin. In takalman sun cinye ba a sauya ba, jikin injin ne zai fara cinyewa.

Ɗan Damagaram, Montreal

Ina gaida manya. A garin nan aka ƙirƙiro abin: Arthur Sicard ya haɗa na farko a 1925, babba ne a kan mota, a 1927 ya sayar wa garin Outremont, wanda yanzu unguwa ce a cikin Montreal. To amma ni da ke zaune a garinsa ba ni da shi, kuma ban yi nadama ba. A nan da yawa kwangila muke bayarwa ta hunturu guda. Mai tarakta ya zo ya kafa sandunansa a bakin hanya tun kaka, duk ranar da ta sauka ya zagayo. Wasu kuma rumfar leda suke kafawa a kan hanyar gareji, mota ta kwana a ciki. A Ottawa ma akwai masu taraktan. Aibinsu ɗaya: lokacin da suka ga dama suke zuwa, in kana da fitar asuba kana iya tarar da ba su iso ba, kuma matakala da ƙofar gida naka ne. Ka haɗa kuɗin inji da mai da gyara, ka raba da shekarun da zai yi, ka gwada da kuɗin kwangila kafin ka yanke.

Sabon Maigida, Ottawa

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ina fita aiki ƙarfe shida, don haka jiran tarakta ba zai yi mini ba. Na ga wani inji ƙirar Ariens na hannu a shafin saye da sayarwa na Kijiji, inci 24, mai shi zai koma gidan bene. Ranar Asabar zan je gani. Alhaji, Injiniya, me zan duba?

Injiniya, Winnipeg

Ka ce masa kada ya kunna kafin ka zo, ka taɓa injin ka ji da sanyi, sannan ya tayar a gabanka. Ka gwada kowace giya har ta baya. Ka sa ya cire ƙusoshin nan, ka juya murɗaɗɗen ƙarfen da hannu, inji a kashe, wayar fulogi a cire. In ya ƙi juyawa, tsatsa ta manne shi da sanda, ƙusar ba za ta ƙara kare komai ba, ka rage kuɗi sosai ko ka hakura. Ka zaro sandar baƙin mai ka duba, ka shinshina tanki. Ka ɗauki hoton lambar da ke bayan injin ka turo mini, in duba maka girman bel da ƙusa.

Alhajin Unguwa, Ottawa

Ba zai shiga but ɗin motarka ba. Ka biyo ta gidana bayan azahar mu tafi da tawa, ina da katakon hawa.