Me ya sa ake kiran Pat Mills uban mujallun zane na Birtaniya?

Nasiru ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga waɗanda suka daɗe suna bibiyar mujallun labarai masu zane na ƙasar Birtaniya. Kwanan nan na kammala karanta kundin farko na Judge Dredd, labarin wani ɗan sanda na zamanin gaba da ake bugawa a mujallar 2000 AD, kuma duk inda na leƙa tarihin wannan fage sai in tarar ana kiran Pat Mills uban mujallun zane na Birtaniya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, John Wagner da Carlos Ezquerra ne aka rubuta a matsayin waɗanda suka ƙirƙiri Dredd, sannan idan ana zancen marubucin Ingila da duniya ta sani a wannan fage, sunan Alan Moore ne yake fara zuwa baki. To mene ne Mills ya yi da ya cancanci wannan laƙabi? Kuma idan mutum yana son ya san alƙalaminsa, da wane aiki ya kamata ya fara?

Malam Sabo ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Amsar tambayarka tana cikin shekaru uku kacal, daga 1975 zuwa 1977, waɗanda a cikinsu Mills ya kafa mujallu uku na mako-mako a jere, kowace ta fi wadda ta gabace ta ƙarfin hali.

An haife shi a 1949, kuma ya fara aiki ne a matsayin ƙaramin edita a kamfanin D. C. Thomson da ke Dundee a Sikotland, inda ya haɗu da John Wagner. A 1971 su biyun suka ajiye aikin albashi suka koma rubutu na ƙashin kansu, suna sayar wa kamfanin IPC na Landan labarai. A 1974 D. C. Thomson ya fito da Warlord, mujallar labaran yaƙi, ta karɓu ƙwarai, sai hankalin IPC ya tashi. Shugabannin kamfanin ba su amince cewa tsofaffin ma'aikatan sashen mujallun samari za su iya mayar da martani ba, don haka suka ɗauko Mills da Wagner, suka ɓoye su a sashen mujallun 'yan mata domin kada labari ya fita, har Battle Picture Weekly ta fito a watan Maris na 1975.

Ta biyu ita ce Action, a watan Fabrairun 1976. Dabarar Mills a nan ita ce ya dubi finafinan da yara suke jin labarinsu amma shekarunsu ba su kai a bar su su kalla ba, ya ba su makamancinsu a kan takarda. Misali mafi shahara shi ne Hook Jaw, wani ƙaton kifin shak mai cin mutane, wanda aka gina a kan farin jinin fim ɗin Jaws, sai dai a nan mafi yawan waɗanda kifin yake cinyewa azzaluman masu kuɗi ne da 'yan barandansu, ta yadda mai karatu yakan tsinci kansa yana goyon bayan kifin. Jaridu suka yi ca a kan mujallar saboda yawan jini, har jaridar The Sun ta kira ta mugun mafarkin peni bakwai, wato farashinta ke nan. A watan Oktoba na shekarar aka janye ta daga kasuwa, da ta dawo a Disamba an riga an zare mata haƙora, kuma kafin ƙarshen 1977 aka narkar da ita cikin Battle.

Darasin da aka koya daga wannan dambarwa shi ya haifi 2000 AD a watan Fabrairun 1977. Mills ya fahimci cewa abin da masu sa ido ba za su lamunta ba idan an zana shi a titin Landan na yau, za su kau da kai idan an ce a wata duniya ta gaba yake faruwa, tsakanin mutum-mutumi da dodanni. Da wannan mayafi ya ci gaba da sukar masu mulki da manyan kamfanoni. Ko a fitowar farko akwai Flesh, labarin makiyaya da suke komawa zamanin da can suna yanka dabbobin dainaso domin ciyar da mutanen gaba, wanda a ƙarƙashinsa zancen haɗama ne kawai. Mujallar tana fitowa har yau, kuma ta hannunta Alan Moore da Dave Gibbons da Brian Bolland da Grant Morrison da Garth Ennis suka bi kafin kamfanonin Amurka su ɗauke su. Moore ya goge alƙalaminsa ne a gajerun labaran Future Shocks na wannan mujalla. Saboda haka laƙabin bai ce Mills ya fi su iya rubutu ba, cewa ya yi a gidan da ya gina suka yi rarrafe.

Malama Hadiza ta amsa:

Malam Sabo ya yi bayani mai gamsarwa, amma ya wuce da sauri a kan wurin da nake ganin nan ne asalin maganar, wato mujallun 'yan mata. Ba ɓuya kawai Mills ya yi a wannan sashe ba, a can ya koyi sana'ar. Mujallar Tammy, wadda ta fara fitowa a 1971 a ƙarƙashin Gerry Finley-Day, ta watsar da labaran 'ya'yan gata da makarantun kwana na masu hali, ta koma kan marayu da 'yan aikatau da yarinyar da duniya ta juya wa baya. Editocinta sun gano cewa masu karatu suna son labarin da zai sa su kuka, kuma suna manne wa tauraruwar da take ƙasa ana tattaka ta. Wannan ne Mills da Wagner da Finley-Day suka kwasa suka kai wa samari a Battle: talakan soja mai tsoro da yunwa ya maye gurbin jarumin hafsa da harsashi ba ya samu. Mills bai rabu da wannan fage ba, domin yana cikin waɗanda suka assasa Misty a 1978, mujallar labaran ban tsoro ta 'yan mata, kuma shi ya rubuta mata Moonchild.

Game da tambayarka ta biyu, ɗan'uwa, ka fara da Charley's War, kada ka yi wata-wata. Ya fara fitowa a Battle a watan Janairun 1979, Joe Colquhoun ne ya zana shi, kuma labarin Charley Bourne ne, yaro ɗan shekara 16 daga gidan talakawa a Landan, wanda ya ƙara wa kansa shekaru domin a ɗauke shi soja, aka tura shi Faransa gab da yaƙin Somme na 1916. Ka tuna cewa a ranar farko ta wannan gumurzu, 1 ga Yuli, sojojin Birtaniya fiye da 19,000 ne suka mutu. Editoci a lokacin ba su son Yaƙin Duniya na Ɗaya, domin yaƙi ne na zama cikin rami, babu guje-guje da tsalle-tsallen da ke sayar da mujalla. Mills ya mayar da wannan zaman ramin ya zama shi ne labarin.

Akwai dabara guda da har yanzu take burge ni. A farkon labarin, maimakon muryar mai ba da labari, wasiƙun da Charley yake aika wa gida ne ake ɗorawa a saman zanen, cike da kurakuran rubutu na yaron da bai yi nisa a makaranta ba. Wasiƙar tana cewa yana lafiya, kada a damu, a gode wa gwaggonsa Mabel, alhali zanen da ke ƙarƙashinta yana nuna laka har gwiwa da ɓeraye da gawarwaki a kan wayar ƙaya. Babu wanda ya ce wa yaro mai karatu ƙarya ake yi wa mutanen gida, da idonsa yake gani. Sannan akwai shafin da ba na mantawa da shi, bayan bam ya tarwatsa amininsa Ginger: Charley yana tafe riƙe da buhun yashi guda, aka tare shi ana tambayar abin da ya ɗauko, ya amsa cewa abokinsa ne a ciki. A mujallar yara aka buga wannan, wadda ake saye da kuɗin kashewa. Labarin ya kuma taɓo abubuwan da littattafan makaranta suke tsallakewa, kamar harbe sojoji bisa zargin ragwantaka, da hukuncin ɗaure soja a jikin ƙafar igwa, da boren sansanin Étaples na 1917. Rabin yabon na Colquhoun ne, wanda shi kansa ya yi aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma yakan zana kowane maɓalli da kowace fuska a cikin cunkoson rami kamar ya san mai ita.

Malam Isiyaku ya amsa:

Ina girmama ra'ayin Malam Sabo da na Malama Hadiza, kuma ban musanta darajar Charley's War ba, amma ina ganin laƙabin nan yana danne haƙƙin wasu. Tunanin kafa mujallar labaran kimiyya, wato 2000 AD, ba daga Mills ya fito ba, daga Kelvin Gosnell ne, wani ƙaramin edita a IPC da ya karanta a jarida cewa finafinan sararin samaniya suna tafe, ya ba da shawarar a riga su isa kasuwa. Shi ne kuma ya karɓi kujerar edita bayan Mills ya sauka cikin 'yan watanni. Wannan ma abin lura ne, domin Mills mai kafawa ne, ba mai zama ba: yakan ɗora tubali ya miƙa wa wani, kuma ko lokacin da guguwar Action ta taso ya riga ya bar kujerarta.

Batun Dredd da Malam Nasiru ya tayar kuwa ya fi yadda ake rubuta shi sarƙaƙiya. Wagner ne ya kawo ɗan sandan da yake kamawa, ya yanke hukunci, ya zartar nan take. Sunan daga wani labarin tsoro da Mills ya yi niyya ya fasa aka aro shi. Ezquerra, mutumin Sifaniya, shi ya zana kayan jikinsa da babur da dogayen gine-ginen da suka sa dole aka tura labarin can gaba cikin zamani. Kafin 2000 AD ta fito Wagner ya yi fushi ya janye na ɗan lokaci, Mills ya riƙe labarin yana gyara rubutun wasu, kuma da Dredd ya bayyana a fitowa ta 2, zanen Mike McMahon aka buga, abin da ya ɓata wa Ezquerra rai har ya koma Battle. Daga baya, a 1978, Mills ya rubuta mafi yawan The Cursed Earth, wani dogon labarin Dredd. Ya yi renon Dredd, wannan gaskiya ne, amma muryar da aka san Dredd da ita ta Wagner ce.

Abin da ya fi damuna da alƙalaminsa shi ne wa'azi. A Nemesis the Warlock, wanda ya yi da Kevin O'Neill, fushinsa a kan tsattsauran ra'ayi da ƙyamar baƙo ya zauna daram, domin Torquemada, abokin gabar Nemesis a labarin, mugu ne mai ban dariya da ban tsoro a lokaci guda. Amma a Third World War, wanda ya fito a mujallar Crisis daga 1988, sau da yawa labari yakan tsaya cik domin wani tauraro ya karanto lacca a kan bashin ƙasashe matalauta da kamfanonin abinci. Ina iya yarda da abin da ake faɗa, in kuma gaji da yadda ake faɗarsa. A ganina ya fi iya rubutu a lokacin da yake da shafi kaɗan a mako da edita a kansa.

Malam Sabo ya sake amsawa:

Malam Isiyaku, na karɓi gyaranka a kan Gosnell, kuma zancen wa'azin ma akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa. Sai dai zan ƙara abu guda da zai taimaka wa Malam Nasiru ya fahimci inda fushin ya samo asali da kuma dalilin da sunayen suka cakuɗe. A wancan zamani mujallun Birtaniya ba sa buga sunan marubuci ko mai zane. Ana biyan mutum ladan shafi sau ɗaya, labari da tauraro su zama mallakin kamfani, ko da za a sake buga su sau goma. Sai a fitowa ta 36 ta 2000 AD, a 1977, Kevin O'Neill ya saka wani ɗan akwati a gefen shafi mai ɗauke da sunayen waɗanda suka yi aikin, cikin raha kamar mutum-mutumi ne suke yi wa Tharg hidima, wato baƙon halittar da ake riya cewa shi ne editan mujallar. Suna ya fito, amma mallaka ba ta canja ba. Mujallar ta bi hannun attajirin jaridu Robert Maxwell a 1987, ta koma kamfanin Egmont, sannan kamfanin Rebellion na Oxford ya saye ta a 2000, kuma labaran Mills irin su Sláine da ABC Warriors da Nemesis duk suna cikin kayan da aka sayar.

Wannan ne ya sa rabin aikin Mills na baya ya zama neman inda mai ƙirƙira zai riƙe abinsa. Marshal Law, wanda ya yi da O'Neill a 1987 yana yi wa jarumai masu alkyabba na Amurka ba'a mai zafi, a ƙarƙashin Epic ya fito, reshen Marvel da ke bar wa masu aiki haƙƙinsu. A 1991 ya shiga cikin waɗanda suka kafa Toxic!, mujallar mako-mako mai launi da aka yi niyyar ta yi gogayya da 2000 AD a kan wannan manufa, amma ta mutu bayan fitowa 31, domin zanen fenti ba ya saurin da bugun mako-mako yake bukata. Daga nan ya juya zuwa Faransa, inda ake buga irin waɗannan labarai a matsayin littattafai masu kauri kuma marubuci yana da kaso a ciniki, ya yi Requiem Chevalier Vampire tare da Olivier Ledroit daga shekarar 2000.

Nasiru ya rubuta:

Na gode muku duka, Allah Ya ƙara basira. Zan nemi Charley's War kamar yadda Malama Hadiza ta ba da shawara, sannan in bi da Nemesis domin in auna maganar Malam Isiyaku da kaina. Na duba kundin Dredd da ke hannuna bayan karanta amsoshinku, sai na ga ashe labaran farko-farko sunayen marubuta daban-daban ne a kansu, abin da ban lura da shi ba a karatun farko. Tambaya guda ta rage mini, Malama: na ga an ce labarin Charley ya ci gaba har cikin Yaƙin Duniya na Biyu, shin wannan ɓangaren ma Mills ne ya rubuta?

Malama Hadiza ta amsa:

A'a, ɗan'uwa. Mills ya bar labarin ne bayan saɓani da kamfani a kan kuɗin bincike, domin ya so ya yi hira da tsofaffin sojoji kafin ya shiga yaƙi na biyu. Scott Goodall ne ya karɓi rubutun, Colquhoun ya ci gaba da zane har rashin lafiya ta tsayar da shi, kuma ya rasu a 1987. Ɓangaren Mills shi ne na yaƙin farko da abin da ya biyo bayansa, har da tura sojojin Birtaniya Rasha a 1919, kuma shi ne wanda aka tattara a kundayen da za ka samu.