Pylance yana ta faɗuwa duk sanda na shiga saba ta Remote SSH, don Allah a taimaka

sabon_shiga:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku kenan abin nan ya hana ni sakat. Wani mai shagon magani ne ya ba ni aikin manhajar lissafin kaya, da Django (tsarin gina shafin intanet da yaren Python) nake yi, kuma kod ɗin gaba ɗaya yana kan wata 'yar ƙaramar saba da na kama haya, Ubuntu 22.04 ce RAM ɗinta 1GB. Da can da nano nake gyara fayil a taminal, sai wani abokina ya nuna min Remote SSH na editar VS Code, wanda ke ba ka damar buɗe fayilolin saba daga laftop, na saka ya shiga lafiya lau, folda ta buɗe ina ganin fayilolina a gefe.

Ekstenshin ne matsalar. A laftop ɗina in ina rubutu yana kawo min cikon abin da zan rubuta, in na danna F12 a kan sunan fankshin ya kai ni inda yake, amma a saba da farko babu ko ɗaya sai kala kawai. Da na duba sai na ga ekstenshin ɗin Python ya yi dishi-dishi da wani maɓalli mai cewa Install in SSH, na danna, ya yi aiki kamar na minti biyar, daga nan sai saƙo ya fito wai Pylance, ekstenshin ɗin da ke kawo cikon kod ɗin Python, ya faɗi sau 5 cikin minti 3 ba za a sake tayar da shi ba. Wani lokacin ma tagar ce gaba ɗaya take tsayawa tana Reconnecting, har shafin mai shagon ya daina buɗuwa sai na je na yi wa sabar ristatin, jiya sau biyu ya kira ni yana cewa yaransa sun kasa shigar da ciniki, wallahi kunya ta kama ni. Na cire VS Code na sake sakawa har sau biyu, data kawai na ƙona. Me nake yi ba daidai ba?

dan_netwok:

Wa alaikumus salam. Ni dai ina ga netwok ne ɗan'uwa, musamman in da hotspot ɗin waya kake aiki. Buɗe fayil ɗin `~/.ssh/config` a laftop ɗinka, ƙarƙashin sunan sabar ka ƙara `ServerAliveInterval 30` da `ServerAliveCountMax 4`, hakan zai sa SSH ya riƙa taɓa sabar duk bayan daƙiƙa 30 kada layin ya mutu don shiru. In ya ƙi sai ka danna F1 ka nemi Kill VS Code Server on Host ka sake shiga. Ni abin da ke min magani kenan kullum.

tsohon_hannu:

Shawarar da aka ba ka a sama mai kyau ce ka saka ta, amma ba ita ce cutarka ba. Da netwok ɗinka ne ai shafin mai shagon ba zai mutu ba, shi ina ruwansa da hotspot ɗinka?

Ƙanena abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne in ka shiga ta Remote SSH, VS Code ɗinka ya rabu gida biyu. Tagar da kake gani tana laftop, amma akwai wani ɓangare da yake saukewa ya zauna a cikin sabar, a folda mai suna `~/.vscode-server`, kuma da Node yake gudu. Ekstenshin ma kashi biyu ne. Akwai na kwalliya irin su tim da aikon, waɗannan suna nan a laftop, shi ya sa ka ga kala tun ranar farko. Sai kuma masu buƙatar karanta fayilolin aikinka irin su Python da Pylance da ESLint, su dole sai a inda fayilolin suke za su zauna, wato saba. Lokacin da ka danna Install in SSH ɗin nan, kai a ganinka ka kunna wani abu ne a editarka, alhali kaya ka ɗora wa sabar da take ɗauke da Django da databes ɗinka a cikin 1GB. Shi ya sa cirewa da sake saka VS Code a laftop bai yi komai ba, ciwon yana can kai kana shafa magani a nan.

Su kansu masu VS Code sun rubuta cewa 1GB shi ne mafi ƙarancin abin da saba za ta samu, amma 2GB da furosesa mai kwa (core) biyu suke ba da shawara, kuma wannan fa ba a lissafa da naka shafin da ke gudu a kai ba. Pylance kuma in ya tashi sai ya bi laburaren da ka saka yana karantawa, Django ba ƙarami ba ne. In memori ya ƙare Linux ba ya jira, yana da abin da ake kira OOM killer, sai ya zaɓi wanda ya fi cin memori ya kashe, yau Pylance gobe databes ɗinka.

Kada ka ɗauki maganata haka nan, ka duba da kanka. Tunda kana yin ristatin, `dmesg` zai nuna maka na bayan tashi ne kawai, don haka yi wannan:

`sudo journalctl -k -b -1 | grep -i "out of memory"`

sannan ka buɗe VS Code ɗin, a wani taminal daban ka yi `free -h` ka turo mana abin da ka gani.

yar_linux:

Ina goyon bayan Malam tsohon_hannu. Ƙari ɗaya, wace folda ka buɗe? Da yawa suna buɗe `/home` ko ma `/` gaba ɗaya saboda ita ta fara fitowa, sai edita ta shiga gadin duk wani fayil da ke ciki har da hotuna da bakof, wannan ma cin memori ne, kuma shi ke jawo saƙon nan na cewa ta kasa lura da canjin fayiloli a wuri mai girma haka. Ka buɗe foldar aikin kaɗai.

Ga masu karantawa da nasu ya ƙi shiga tun daga farko kuwa, wannan daban ne. Tun VS Code 1.86 na farkon 2024 ɓangaren saba yake neman glibc (babban laburaren da manhajojin Linux ke dogaro da shi) 2.28 zuwa sama, Ubuntu 18.04 tana da 2.27, CentOS 7 kuma 2.17, an ɗaga ƙafa na kusan shekara guda sannan aka rufe ƙofar a 1.99. `ldd --version` zai gaya maka naka. Kai mai tambaya 22.04 gare ka wannan bai shafe ka ba.

sabon_shiga:

Allah ya saka da alheri, Malam gaskiyarka ne. Layi huɗu suka fito na Out of memory, uku an kashe node, ɗaya kuma postgres, wato databes ɗina, to ashe lokacin ne mai shagon ya kira ni. `free -h` kuma ya nuna Swap 0B, abin da ya rage na memori bai kai 100MB ba da zarar na buɗe fayil ɗin Python guda ɗaya. Yaya yar_linux ke ma kin canka, `/home` na buɗe, kuma akwai hotunan magunguna da yawa a ciki. Yanzu mene ne mafita? Ƙara RAM kuɗin zai kusan ninkawa, da dala ake biya, kuma mun riga mun yi ciniki da mutumin ba zan iya koma masa da sabon farashi a watan farko ba.

tsohon_hannu:

To alhamdulillahi an ga ɓarawon. Fara da swap na 2GB, yana aron wuri ne daga disk ya zama kamar memori na ko-ta-kwana:

`sudo fallocate -l 2G /swapfile`
`sudo chmod 600 /swapfile`
`sudo mkswap /swapfile`
`sudo swapon /swapfile`

sai ka ƙara layin `/swapfile none swap sw 0 0` a ƙarshen `/etc/fstab` don kada ya ɓace in saba ta sake tashi. Ka fara duba `df -h` ka tabbatar akwai wuri, don ita kanta `.vscode-server` tana tara tsofaffin kwafi in edita ta yi ofdet.

Bayan nan ka shiga saiti, za ka ga shafuka uku a sama, User da Remote da Workspace, na Remote za ka taɓa don kada ka ɓata na laftop ɗinka. Kashe `python.analysis.indexing`. In har yanzu yana nauyi ka mayar da `python.languageServer` zuwa Jedi, wani madadin Pylance ne mara nauyi, bai kai Pylance wayo ba amma F12 da ciko duk yana yi. Sannan F1, Show Running Extensions, zai nuna maka waɗanda ke gudu a can, duk wanda ba ka buƙata a wannan aikin ka cire shi daga ɓangaren SSH.

Amma zan faɗa maka abin da ya fi damuna tsakani da Allah. Kana rubuta kod kai tsaye a kan sabar da mutane suke ciniki da ita. Ko memori bai ƙare ba, ranar da ka yi sebin ɗin fayil da kuskure ɗaya a tsakiyar rana shagon ne zai tsaya. Laftop ɗinka ta fi sabar nan ƙarfi nesa ba kusa ba, ka yi aikin a can da git (manhajar adana tarihin canje-canjen kod), ka gwada, sannan ka tura. Remote SSH ka bar shi don duba log da ƙananan gyare-gyare, shi wannan ko ekstenshin ɗaya ba ya buƙata a ɓangaren saba.

dan_netwok:

Na yarda ba netwok ba ne, na yi saurin yanke hukunci. Amma swap ɗin nan a yi hattara, disk ba RAM ba ne, in saba ta fara dogaro da shi sosai komai sai ya koma tafiyar hawainiya har shafin ma. Ni na taɓa yi a wata mai 1GB, faɗuwar ta daina amma sai ciko ya riƙa zuwa bayan na gama rubuta layin. Jedi ɗin ne ya cece ni a ƙarshe.

sabon_shiga:

Na dawo da rahoto. Na yi swap, na kashe indexing, na buɗe foldar aikin kaɗai, na cire ekstenshin shida da ban ma san na tura su can ba. Tun azahar nake aiki har yanzu bayan isha'i bai faɗi ko sau ɗaya ba, swap ɗin ma kaɗan ya taɓa. Da farko VS Code ya ja jan layi a ƙarƙashin duk `import django` wai bai gan shi ba, ashe Python ɗin sistem ya ɗauka, sai na yi F1, Python Select Interpreter, na nuna masa na cikin venv ɗina na saba, wato keɓantacciyar foldar Python ta aikin, layin ya ɓace.

Maganar git kuma Malam na karɓa, ban taɓa saita Postgres a Windows ba ne shi ya sa nake gudu. Ranar Lahadi shagon ba ya buɗewa da wuri, zan zauna in kwafo aikin zuwa laftop. Tambayata ita ce in yi shi a WSL (Linux da ke gudu a cikin Windows) ne ko in saka kai tsaye a Windows ɗin, laftop ɗin 8GB ce.

yar_linux:

WSL, kuma ka saka Ubuntu 22.04 irin ta sabarka don komai ya zo ɗaya. Ka ajiye foldar aikin a cikin Linux ɗin, ba a `/mnt/c` ba, a can yana da nauyi sosai. Kuma kada ka yi mamaki in ka ga Python ya sake yin dishi-dishi yana cewa Install in WSL, tsarin ɗaya ne da na SSH, sai dai wannan karon RAM ɗin laftop ɗinka zai ci, 8GB kuma za ta ɗauka.