Bakina ya riga ƙafata: ta ina zan fara hidima da bishara a Legas?

Mai neman shawara, daga Agege:

Salama gare ku iyayena da 'yan'uwana cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Na daɗe ina juya wannan magana a zuciya kafin in kawo ta gabanku, kuma ina roƙo ku ba ni amsa tsakani da Allah, ko da za ta yi mini ɗaci.

Shekarata takwas a Legas. Ina zaune a Agege, ina aikin lissafin kuɗi a wani kamfanin sufurin kaya a Apapa, kuma ba na fashin sujadar Hausa ranar Lahadi. A nazarin Littafi Mai Tsarki ni ne na farkon ɗaga hannu, a Facebook kusan kowace safiya sai na rubuta aya da bayaninta, idan kuwa gardamar addini ta tashi, nakan kai ƙarfe ɗayan dare ina mayar da martani. Har zuwa watan jiya, wannan nake kira hidimata.

Mai gadin wurin aikinmu dattijo ne daga wajen Michika, kuma shekara biyu muna gaisawa da Hausa ba tare da na taɓa tsayawa na tambayi lafiyar iyalinsa ba. Wata safiya na yi sammako don gudun cunkoson tankokin mai, sai na tarar da shi a kan benci a ɗan ɗakinsa na bakin ƙofa, riƙe da Sabon Alkawari na Hausa wanda bangonsa ya fita, an ɗaure shi da zare. Yana bin layi da yatsa, yana nesanta takardar da fuskarsa saboda idonsa ya yi rauni. Ya gaya mini rabonsa da shiga majami'a tun Kirsimatin bara waccan, domin babu mai karɓar masa gadin ƙofa ranar Lahadi. Sannan ya ce, "Ɗana, ai ni na daɗe da sanin kai mai bi ne, ina jin waƙoƙin da kake sawa a waya." Shi ya san ni, ni ban san shi ba.

Tun daga ranar wasiƙar Yaƙubu, sura 2, ta hana ni sukuni, inda aka ce bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya ce. Ina so in tashi, amma ina fita da asuba in dawo bayan takwas na dare, ban yi makarantar Littafi Mai Tsarki ba, kuma maƙwabtana a Agege galibinsu Musulmi ne waɗanda muke zaman mutunci da su, ba na son in zama sanadin fitina. Ta ina zan fara? Shin in daina rubutun intanet gaba ɗaya ne?

Wani dattijon ikilisiya, daga Obalende:

Ɗana, Ubangiji ya riga ya ba ka amsar, tana zaune a kan benci a ƙofar wurin aikinka. Kada ka tafi neman fili a nesa alhali gonarka tana bakin ƙofa ba a nome ta ba. A Markus sura 5, mutumin da Yesu ya warkar ya roƙa ya bi shi cikin jirgi, amma aka ce masa ya koma gida wurin mutanensa ya faɗi abin da Ubangiji ya yi masa. Andarawas ma da ɗan'uwansa Bitrus ya fara.

Na yi aikin ɗan sanda a garin nan har na yi ritaya, kuma ina gaya maka, irin wannan dattijo suna da yawa daga Ikoyi har Ajah: masu gadi, 'yan aikin gida, masu wankin mota, samarin da suka rasa abin yi bayan hana acaba a 2020 da 2022. Da dama an yi musu baftisma a gida, wasu 'yan ikilisiyar EYN, wasu 'yan COCIN, wasu 'yan ECWA, amma Legas ta haɗiye su, babu wanda ya san ɗakin da suke kwana. Ka je wurin fastonka a wannan makon, ka ba shi labarin mutumin nan, ka roƙi a kai masa jibin Ubangiji. Kada ka yi aikin a ɓoye da ikilisiya, domin wanda ya fita shi kaɗai ba shi da mai tsawata masa ranar da ya kauce, ba shi kuma da mai ɗaga shi ranar da ya gaji. Ubangiji da kansa biyu biyu ya aiki almajiransa a Luka sura 10.

Game da rashin makaranta kuwa, bari in tuna maka wani abu. A watan Disamba na 1893 samari uku Turawa 'yan mishan, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a wannan Ikko da kake ciki da niyyar kai bishara Arewa. A 1894 biyu suka rasu, Bingham ya koma gida da ciwo, kuma sai a 1902 aka samu kafa tashar mishan a Patigi. Amma yawancin ƙauyukanmu ba daga bakin Bature suka ji bishara ba. Daga bakin iyayenmu suka ji, manoman da suka koyi karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda ya fito a 1932, suka ɗauki fartanya da tabarma suka tafi suka zauna cikin mutane. Kai da ke da digiri da littafin a wayarka, wane uzuri ya rage maka?

Wata uwa ta Zumuntar Mata, daga Mile 12:

Ɗana, Baba ya gama magana, ni ƙari kaɗan zan yi. Zumunci a ƙafa yake. Kafin ka buɗe wa dattijon nan mai gadi aya, ka kai shi a duba idonsa a yi masa tabarau, ka tambaye shi ko yana samun aika wa iyali wani abu, ka ci abinci tare da shi a kan wannan bencin. Dokas ta Ayyukan Manzanni sura 9 ba a rubuta mana wa'azinta ko ɗaya ba, amma da ta rasu, gwauraye suka tsaya suna kuka suna nuna rigunan da ta ɗinka musu.

Mu a nan kasuwa, idan yarinya ta zo daga gida ba ta san kowa ba, sai mu sama mata wurin kwana, mu raka ta asibiti idan ciwo ya kama ta, daga baya ita da kanta take tambayar ranar taron zumunta. Sai dai ka kiyaye abu guda: kada ka yi wa mutum alheri da sharaɗi. Wanda ka ba shi magani don ya biyo ka majami'a, ciniki ka yi da shi, kuma zai gane.

Wani mai bishara, daga Ojo:

Ɗan'uwa, zan taɓa batun maƙwabtanka, domin shi ne ya fi nauyi. Na yi shekaru ina shiga kasuwar Alaba Rago, kuma ban taɓa ganin wanda gardama ta kawo shi wurin Almasihu ba. Na dai ga abota ta shekara goma ta watse a dare ɗaya saboda kalma guda ta raini. Wasiƙar Bitrus ta fari, sura 3 aya 15, ta ce mu zauna a shirye mu amsa wa duk mai tambayar dalilin begenmu, amma cikin tawali'u da ladabi. Ka lura, akwai mai tambaya a cikin ayar. Mutum ba ya tambayar wanda bai yarda da halinsa ba.

Saboda haka ka je sunansu, ka je ta'aziyyarsu, ka yi musu barka da Sallah, ka aika musu da abincin Kirsimati. Kada ka ɓoye ko kai wane ne, kada kuma ka taɓa aibata abin da suke girmamawa. Idan wani ya kawo maka damuwarsa, ka nemi izininsa kafin ka yi masa addu'a, idan ya ƙi ka bar shi da mutuncinsa. Ranar da aka tambaye ka, ka faɗi abin da Yesu ya yi maka a sarari, ba kwana-kwana. Juyar da zuciya ba aikinka ba ne, domin Bulus ya shuka, Afolos ya yi ban ruwa, Allah ne ya sa ya yi girma. Wa'azin cikin danfo kuwa ban hana ba ga wanda aka ba shi baiwar, amma wanda ya sauka a Oshodi ba za ka sake ganinsa ba, almajirantarwa kuma tana bukatar wanda za ka koma wurinsa gobe da jibi.

Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya, daga Idi-Araba:

Yayana, ni ban goyi bayan ka daina rubutu ba. Akwai daren da nake aikin kwana, gajiya ta kai ni maƙura, ayar da wani ya rubuta da Hausa ce ta riƙe ni har gari ya waye. Gardamar ce za ka bari. Sa'o'in da kake ɓatawa har ƙarfe ɗaya, ka karanta sura ɗaya da murya ka naɗa a waya, ka tura wa dattijon da irinsa ta WhatsApp, tunda da yawansu ido ko ƙarancin karatu ya hana su. Idan ka shirya kai shi gwajin ido, ka sanar da ni in gaya maka ranar da layi ya fi sauƙi.

Mai neman shawara:

Na gode, Baba, na gode, Mama, da ku 'yan'uwana, Ubangiji ya saka muku. Jiya bayan addu'ar Laraba na ga fastonmu, ya ce zai zo Apapa tare da dattijo ɗaya ranar Asabar da yamma da jibin Ubangiji. Na kuma nemi izinin shugaban sashenmu in riƙa tsare ƙofa daga takwas zuwa sha biyu a Lahadin farko ta kowane wata domin Baba mai gadi ya samu zuwa sujada, kuma ya amince. Da na gaya wa Baban, sai ya ce akwai wasu masu gadi uku a layin, mutanen gida, su ma haka suke. Ni kaɗai ba zan iya tsare ƙofa huɗu ba. Idan akwai samari biyu ko uku da ke kusa da Apapa ko Ajegunle waɗanda za su iya ba da safiyar Lahadi ɗaya a wata, ina roƙo su same ni bayan sujada mu tsara yadda za mu nemi izinin masu gidajen.