Abin da masu narka gilashin ado a Legas suka yi ittifaƙi a kai

Batun da ya fi cin lokaci a zaman da masu sana'ar suka yi shi ne haɗa gilashi iri daban-daban. Kowane iri yana da lambar buɗewarsa a zafi, wato yadda yake ƙara faɗi in ya yi zafi: mai 90 kada ya haɗu da mai 96, balle kwalba ko gilashin taga. Kyan launi ba hujja ba ne. In an gauraya, aikin zai tsage ko da bayan mako guda.

A yanka, a wanke tas, domin maiƙon yatsa kan bar hazo a fuska. A shafe faifan tanderu da ruwan hodar da ke hana mannewa, a bari ya bushe sarai; da damina laimar Legas kan ja wannan lokaci. A ɗora falle biyu masu kaurin milimita 3 ɗaya kan ɗaya, don narkakken gilashi kullum milimita 6 yake nema: siriri ya tsuke, mai kauri ya malala.

Wajen digiri 800 a ma'aunin Celsius komai yakan haɗe sumul. Mai son gutsattsarin su fito da tudunsu ya tsaya kusa da 750. Lanƙwasawa a kan mazubi gashi na biyu ne, wajen 650.

Sanyayawa ce ke kashe aiki. Gilashin kamfanin Bullseye a riƙe shi a digiri 482 aƙalla awa ɗaya, a sauko a hankali. Masu aiki a Agege sun nanata cewa kada a kunna tanderu sai janareta yana da mai, kuma ko an ɗauke wuta kada a ɗaga murfi.