Wata 20 Ɗan Fari Bai Ce Komai Ba

Maman Abba, Kano
Assalamu alaikum. Na buɗe da ƙwar biyu, wato baiti mai layi bibbiyu. Iyaye, a taimaka.

Ɗan farina ya kai wata 20,
Har yau bai ce da ni “Mama” ba.

Yana gudu, yana hawa kujera,
Bakin ne dai bai buɗe ba.

In yana son ruwa ya ja zanina,
Ya nuna randa, bai furta ba.

Ɗan maƙwabta da ya girme wa,
“Baba, zo” bai gagare shi ba.

Na ba shi waya, katun na Turanci,
Ko zai kwasa, bai kwasa ba.

Abin na cina dare da rana,
Ban gaya wa ko babansa ba.

Goggo, Katsina
Share hawayenki. Ga tawa.

Kwantar da hankali, ɗiyata,
Maza ba su saurin fara ɗumi.

Na goyi da yawa, na ga iri-iri,
Wanda ya makara shi ya zam malami.

Ɗaga harshensa ki duba ƙasa,
Wataƙila an bar mai linzami.

Mu a da ba mu kai kuka ko'ina,
Ranar suna an gama da wanzami.

In ba a yanke ba ki kawo shi gida,
Akwai tsohon hannu mai ilimi.

Anti Nas, Zariya

Goggo, na durƙusa, a yi min afuwa,
Ba raini ba ne, aikin ne.

Linzami kan hana kama nono,
Jinkirin baki ba aikinsa ba ne.

Ga jini, ga ciwo a bakin yaro,
Askar da ta zaga gari haɗari ne.

Da ji yaro yake koyon faɗi,
Wurin da za a fara dubawa kunne ne.

Ya taɓa sanƙarau? Ya yi ƙyanda?
Ko shawara tun yana tsumma ne?

Kunnen na zubar da ruwa ko mugunya?
Duk waɗannan ɓarayin ji ne.

Tsaya bayansa ki kira a hankali,
Ki ga zai waiga ko shiru ne.

Ki ce “ɗauko takalmi”, ban da nuni,
In ya kawo, alheri ne.

Bari in ƙara da zube, don ba komai ke shiga baiti ba. Yawancin yara kan fara gwaranci wajen wata 6, kalmar farko wajen shekara 1, su haɗa kalma biyu wajen shekara 2. Yaron da ya kai wata 18 babu kalma ko ɗaya, a kai shi a gwada jinsa, kada a zauna ana cewa ai namiji ne. Ku mutanen Kano ba ku manta annobar sanƙarau ta 1996 ba. Cikin yaran da suka tsira akwai waɗanda ta bari da kurumta. Nunin da yake yi da yatsa kuwa alama ce mai kyau, yana son a fahimce shi.

Baban 'Yan Biyu, Kaduna

Ni zan kama inda aka tsallake,
Maman Abba, batun waya.

Katun na zuba kamar ruwan Agusta,
Ba ya jiran yaro ya yi tambaya.

Yaro ya ce “ba”, allo bai ji ba,
Rawarsa yake, babu waiwaya.

Ke in ya ce “ba” ki ce “Baba?
Baba ya fita, yana kan hanya.”

Ya jefo tasa, ki cafe da fara'a,
Ki ƙara biyu a kan ɗaya.

Tun 2019 aka yi gargaɗi
Daga Hukumar Lafiya ta Duniya:

Ƙasa da shekara 2 ban da allo,
Daga 2 zuwa 4 kar a wuce awa ɗaya.

Maman Abba, Kano

Anti, na gwada, ya kawo takalmin,
Har da na babansa ƙafa ɗaya.

Baban Biyu, ka taɓa inda ke ciwo,
Ga abin da ya sa na miƙa waya:

Ɗan fari ne, sunan surukina gare shi,
In yi ta hira da shi? Ina jin kunya.

Haka na tashi na gani a gidanmu,
Uwa ba ta kula na fari a idon duniya.

Babansa tun safe yana Kantin Kwari,
Daga ni sai shi a gidan haya.

Goggo, Katsina
Af! Yanzu na ga inda gizo ke saƙa. Da kin faɗi wannan tun farko da ban aika ki wurin wanzami ba.

Kunyar da muka yi, ɗiyata,
A babban gida muka yi ta, mai yalwa.

In na kau da kai ga ɗan farina,
Kaka na nan, ta ɗauke shi da rawa.

Kishiya ta goya, ƙanen miji ya tsokana,
'Yan mata na lugude da shewa.

Da dare tabarma, gatanan gatananku,
Gizo da Ƙoƙi, shi yana kwashewa.

Bakin uwa ɗaya ya yi shiru,
Baki goma na ta zubawa.

Ke kin ɗauko kunyar kin kai haya,
Kin baro mutanen da ke cikewa.

Wa kike jin nauyi, bango ko labule?
Ba suruki a nan, ba mai leƙowa.

Sunan ne ba ki faɗi, to ga Abba,
Kira shi har ya gaji da amsawa.

In kun zo gida da salla ki yi kunyarki,
Mu nan muna da masu karɓewa.

Batun aska na bar wa Nas tunda ita ta yi karatun. Amma ban ce duk wanzami mugu ba ne, a rubuta wannan.

Inna, Damagaram

Ba sai an ware lokaci ba, ƙanwata,
Darasin farko na wurin wanka.

“Ga ruwa, da ɗumi, ga soso,
Kawo ƙafa, ɗaga hannunka.”

A madafa zaunar da shi nesa da wuta,
Ki faɗa masa abin da za ki girka.

“Wannan albasa, wannan daddawa,
Yau tuwon dawa da miyar kuka.”

In ya ja zani ya nuna randa,
Kar ki yi wuf moɗa ki ɗauka.

Durƙusa, ido cikin ido, “Ruwa?”
Ki ɗan dakata ko zai tanka.

Ya ce “luwa”, kar ki ce ba haka ba,
Ki ce “E, ruwa, ga naka.”

Ko a goye yake kuna tafe a hanya,
“Ga akuya can, ga masu daka.”

Kuma kada wani ya ce miki Hausa za ta tare masa Turanci, har ki bar wa katun aikinki. Yi masa da harshen da ya fi zama a bakinki. Nawa sun tashi da Hausa da Barbarci a gida, Faransanci a lakwal, wato makaranta, ba wanda bakinsa ya ɗaure.

Anti Nas, Zariya
Goggo, Allah ya ƙara girma, baitukanki sun fi allurata. Maman Abba, kawo takalmi ya faranta min rai, amma ba ya maye gurbin gwaji. Akwai yaron da ke jin ƙara, ƙananan sautuka na wuce shi. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano na da sashen kunne, hanci da maƙogwaro, a Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa. Ki fara abin da Inna ta ce tun yau, kada ki jira sakamako.

Baban 'Yan Biyu, Kaduna

Saura mutum ɗaya ba mu taɓa ba,
Maigidan, in daga Kwari ya dawo.

Ya kife tasa wayar a tabarma,
Ya ɗora Abba a cinya a ci tuwo.

Ya ba shi labarin atamfa da shadda,
Da mai bashin da ya ƙi ya kawo.

Maman Abba, Kano
Wannan da bakina zan karanta masa yau da dare, har da na Goggo. Anti, sai da takardar turawa daga ƙaramin asibiti ake zuwa sashen kunnen, ko zan iya kai shi kai tsaye?