Wace manhajar duba imel ta burauza ta dace da ƙaramar sabar?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. An ɗora mini kula da sabar imel ta wata ƙaramar ƙungiya, RAM ɗinta gigabait 2 ne, kuma Postfix (mai aikawa da karɓar wasiƙu) da Dovecot (mai miƙa wa masu asusu wasiƙunsu) suna aiki a kanta lafiya lau. Abin da ya rage shi ne manhajar da ma'aikata za su riƙa karanta wasiƙunsu da ita ta burauza. Ina neman shawararku a kan wadda ba za ta yi wa sabar nauyi ba, ba kuma za ta buɗe wa masu kutse ƙofa ba.

Injiniya: Wa alaikumus salam Malam. Kada sauƙin SquirrelMail ya ja ka, domin fitowarta ta ƙarshe da aka tabbatar, wato 1.4.22, tun 2011 ce, har cPanel ma, manhajar sarrafa sabar gidajen yanar gizo, ta daina saka ta. Haka RainLoop, wadda a 2022 masu bincike na SonarSource suka nuna cewa buɗe wasiƙa ɗaya da aka shirya da mugun nufi ya isa a sace saƙonnin mutum. Ni SnappyMail nake ba ka shawara, reshe ce da ta fito daga RainLoop, tana da sauri, kuma ba ta bukatar ma'adanar bayanai kafin ta yi aiki.

Hajiya: Injiniya, na yarda da batun saurin, amma ni Roundcube zan zaɓa masa, kuma ba don ba ta da aibu ba. A Oktoba 2023 kamfanin ESET ya bayyana cewa gungun masu kutse na Winter Vivern sun yi amfani da wata ɓarakarta a kan hukumomin gwamnati a Turai, sannan a 2025 aka gano wata wadda ke ba duk mai asusu damar gudanar da umarni a kan sabar kanta, aka toshe ta a fitowar 1.6.11 da ta 1.5.10. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne gyaran yana fitowa da wuri, kuma tun 2023 aikin yana ƙarƙashin kulawar kamfanin Nextcloud. Sharaɗin kawai, Malam, ka riƙa sabuntawa a ranar da aka sanar, ka haɗa da fail2ban (mai toshe adireshin da ke ta gwada kalmar sirri ba daidai ba) da tantancewa mai mataki biyu.

Dattijon zaure: Ƙanena, yawancin jinkirin da ake ɗora wa waɗannan manhajoji daga IMAP yake, wato hanyar da suke ɗauko wasiƙu daga sabar, saboda da harshen PHP aka rubuta su, kuma manhajar PHP takan sake haɗawa da Dovecot a kan kowace bukata. Ka kunna OPcache mai hanzarta PHP, ka sa imapproxy mai riƙe haɗin a buɗe a tsakani, za ka ga bambanci ko da Roundcube ce. SOGo kuwa, sai idan kuna bukatar kalanda ta bai ɗaya da ActiveSync (daidaita wasiƙu da kalanda) a wayoyi, domin tana tafe da ƙarin nauyin memcached (ma'ajiyar wucin gadi a RAM) da ma'adanar bayanai. Zimbra kada ma ka tunkare ta da gigabait 2.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe. Ba ma bukatar kalanda, don haka zan ɗora Roundcube. Hajiya, daga ma'ajiyar manhajojin Debian, wato tsarin Linux, kike ɗaukowa, ko kai tsaye daga wajen masu ita?

Hajiya: Ta Debian nake amfani da ita, na kunna unattended-upgrades domin gyaran tsaro ya riƙa shiga da kansa. Idan kuwa da hannu ka girka, ka goge babban fayil na installer da zarar ka gama.