Sabar tura fayil da asyncio tana cinye RAM, kuma tana tsayawa

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum malamai. Ina gina sabar tura fayiloli a Python da asyncio.start_server a kan Linux (asyncio ita ce laburaren Python mai hidimar haɗi da yawa a lokaci ɗaya). Ƙananan fayiloli suna tafiya lafiya lau. Amma da zarar wani ya nemi fayil mai gigabait 2 a kan layi mai rauni, sai RAM, wato ma'adanar aiki ta kwamfuta, ta cika, sauran masu saukewa kuma su tsaya cak. Ba an ce asyncio ba ta tare kowa ba? Ina gyaran yake?

Injiniya_Soket:
Wa alaikumus salam. Matsala biyu ce, kada ka haɗa su.

Cikar RAM daga writer.write() take. Wannan umarnin ba ya jira: abin da soket (ƙofar haɗin sabar da mai saukewa) bai ɗauka ba sai ya tara shi a ma'ajiyar jira. Diski yana ba ka bayanai da gudu, mai karɓa yana ja a hankali, bambancin kuwa a RAM yake taruwa. Ka riƙa karanta fayil gutsure-gutsure, kilobait 64 kowane, kuma bayan kowane write ka sa await writer.drain(). Shi ne birkin: idan abin da ke jira ya haura kilobait 64, zai dakatar da wannan haɗin kaɗai har ma'ajiyar ta ragu. Da haka mutum 200 a lokaci ɗaya ba za su ci fiye da kimanin megabait 25 na ma'ajiya ba.

Tsayawar kuma daga diski take. f.read(), wato karanta fayil, yana tare zagayen asyncio da ke hidimar kowa gaba ɗaya, domin epoll, abin da asyncio ke lura da haɗi da shi a Linux, soket yake sa wa ido, ba ya karɓar fayil na yau da kullum. Ka miƙa karatun ga wani zaren aiki da asyncio.to_thread, wanda ya zo a Python 3.9. Ita ma laburaren aiofiles abin da take yi ke nan a bayan fage.

Hajiya_Linux:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai wajen turawa na fi son loop.sendfile, yana nan tun 3.7. Kanel, wato zuciyar Linux, shi ne ke kwasar bayanan daga fayil zuwa soket kai tsaye, ba sa bi ta Python. A kula dai, idan ka sa TLS, wato ɓoye bayanai a kan layi, asyncio takan koma karatu da turawa na al'ada ba tare da ta sanar da kai ba, ribar ta tafi.

Abin da ya fi damuna shi ne tsarin saƙonka. TCP, ƙa'idar da haɗin ke bi, ba ta san inda fayil ya ƙare ba, kwararar bait ce kawai. read(1024) yana iya dawo maka da bait 7 rak. Don haka ka fara da kan saƙo: bait 2 na tsawon suna, sunan, sannan bait 8 na girman fayil da struct.pack("!Q"). Ka karanta su da readexactly, wanda zai jefa IncompleteReadError idan layi ya yanke. Kada ka dogara da rufewar haɗi a matsayin alamar an gama, domin yankewar layi ma haka take kama.

Sabon_Hannu:
Na gode Hajiya. To idan wani ne ke ɗora fayil, ya yanke a tsakiya fa?

Hajiya_Linux:
Ka rubuta shi da sunan wucin gadi mai .part a ƙarshe, a cikin folda ɗaya da inda zai zauna. Kana karɓa kana lissafa SHA-256, wato lambar tantance abin da ke cikin fayil, da hashlib. Idan girma da lissafin sun dace da na mai turawa, ka yi flush da os.fsync don bayanan su sauka a diski, sannan os.replace don ba shi ainihin sunansa. Dole .part ɗin da inda zai zauna su kasance a tsarin fayil (filesystem) ɗaya, in ba haka ba sauya sunan zai ƙi. Idan mai ɗorawar da ya yanke ya dawo, ka gaya masa girman .part ɗin ya ci gaba daga nan.

Injiniya_Soket:
Kafin ka buɗe ta ga intanet: sunan fayil daga baƙo yake zuwa, wani zai aiko maka ../../etc/passwd don ya fita daga folda ɗinka ya kai ga fayilolin tsarin. Ka warware hanyar da Path.resolve, ka ƙi duk wadda ta fita daga folda ɗinka. Ka ɗaure kowane karatu da asyncio.wait_for, misali daƙiƙa 30, saboda masu buɗe haɗi sannan su yi shiru. Sannan ka duba ulimit -n, wato iyakar fayiloli da soket da shirinka zai iya buɗewa a lokaci ɗaya. Yawanci 1024 ne, kowane mai saukewa kuma yana riƙe biyu, soket da fayil, ke nan wajen mutum 500 za ka fara ganin kuskuren EMFILE, wato fayiloli a buɗe sun yi yawa. Ka ɗaga iyakar, ka kuma iyakance yawan masu haɗi da asyncio.Semaphore ƙasa da ita.